Yadda Ake Rabuwa da Lalatacciyar Bindiga ko Wani Sashenta Ba Tare da Jawo wa Kai Fitina Ba

A gidajen maharba da manoma da 'yan sintiri ba a rasa bindigar da ta gama aiki. Wata bakinta ya tsage, wata bututun ya kumbura a tsakiya, wata kunamarta ta karye, wata kuma tsatsa ce ta cinye ta tun zamanin kaka. An kai wa mai gyara ya duba ya ce ba ta gyaruwa. Daga nan sai a jingine ta bayan ƙofa, ko a cusa ta cikin rumbu, ko a soke ta a jikin rufin ɗaki, a manta. Ranar da aka tuna da ita kuwa, yawanci ranar da mai sayen gwangwan ya shigo unguwa da kurarsa ce.

Wannan ajiya tana da haɗari ta fuska uku. Ana iya samun albarushi ko harsashi a cikinta ba wanda ya sani. Sashen da ya rage da lafiya a jikinta yana iya komawa jikin wata bindigar a hannun wanda ba ka sani ba. Sannan doka ba ta ɗauke ta a matsayin tsohon ƙarfe. Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959, wadda har yanzu da ita ake aiki, da ta zo fayyace abin da ake kira bindiga ta haɗa har da kowane sashe na jikinta. Ke nan bututu shi kaɗai, ko gidan kunama shi kaɗai, idan aka kama shi a hannunka ba takarda, ana iya tuhumarka kamar wanda aka kama da cikakkiyar bindiga. Shi ya sa hanyar da zan bayyana a nan take ƙarewa a hannun hukuma, kai kuma ka dawo gida da takardar shaida.

Da farko, ka ɗauka a ɗure take

Kafin maganar 'yan sanda ko takarda, sai an tabbatar abin ba zai tashi da kowa ba. Fitar da yara daga wurin. Ka juya bakin bindigar ya kalli inda ba mutum ba dabba, kuma ba bangon da ke da ɗaki a bayansa ba, domin harsashi yana huda katangar laka da ƙofar kwano. Yatsanka kada ya kusanci kunama.

Idan irin wadda ake karyawa ce a sa harsashi ta baya, mai baki ɗaya ko mai baki biyu, ka buɗe ta ka duba da ido, ka zare abin da ke ciki. Idan tsatsa ta kama ta ta ƙi buɗuwa, ka bar ta haka nan. Kada ka buga ta da guduma, kada ka soka ƙusa ko almakashi kana ɓamɓara. Ka ɗaura mata ƙyalle ko takarda da rubutu cewa ba a san ko a ɗure take ba, domin duk wanda zai taɓa ta bayanka ya sani.

Bindigar toka, wadda ake ɗurawa ta baki, ita ce ta fi yaudarar mutane, saboda ba ta da wurin buɗewa balle a leƙa. Maharbi yakan ɗura ta ya fita daji, bai samu nama ba ya dawo ya rataye ta da ɗurinta, shekaru su wuce, shi kansa ya manta ko ya rasu. Albarushi kuwa ba ya mutuwa don tsufa. Muddin yana bushe, zai iya tashi bayan shekaru masu yawa. Hanyar da maharba ke gane ko akwai ɗuri ita ce ta sanda: a zura sandar ɗuri a hankali cikin bututun har ta tsaya, a yi mata alama daidai bakin, a zaro ta a jera ta a jikin bututun ta waje. Idan tsawon da ya shiga bai kai gindin bututun ba, wato wurin ƙaramar ƙofar da wuta ke shiga, to akwai abu a ciki. Yayin wannan gwaji fuskarka da ƙirjinka su kauce daga saitin bakin, kuma da yatsu biyu za ka riƙe sandar ta gefe, kada tafin hannunka ya rufe samanta. Idan ba ka taɓa ɗura irin wannan bindiga ba, kada ka fara koyo da wadda ta lalace. Kira dattijon maharbi da ya san hannunta ya duba, ko ka bar ta ka faɗa wa 'yan sanda yadda ka same ta.

Idan ya tabbata akwai ɗuri, abu biyu ne mutane suka saba yi, kuma dukkansu ina roƙon a bari. Na ɗaya, harba ta sama don a zubar da abin da ke ciki. Bututun da ya riga ya tsage ko ya kumbura ba zai iya riƙe ƙarfin albarushi ba, fashewa zai yi, kuma hannun hagu da ido su ne suke kusa. Na biyu, zuba ruwa a bakin a ce an kashe ta. Ruwan ba lallai ya ratsa tsumman da aka toshe ɗurin da shi ba, kuma ko ya jiƙa albarushin, in ya bushe yana iya kamawa. Bindigar da aka zuba wa ruwa, a ci gaba da ɗaukarta a matsayin ɗurarriya.

Ware harsasai da albarushi

Duk harsashin da ke gidan, har da wanda aka taɓa bugawa bai tashi ba, a tattara shi daban. Wanda bai tashi ba ɗin nan yana nan da ransa. A sa su a kwali ko akwatin katako, a jera su yadda ba za su riƙa gogar juna ba, a ajiye a inuwa nesa da murhu da janareta da fetur. Albarushi a bar shi a mazubinsa, a rufe. Ba a ƙona harsashi, ba a zuba shi a bola inda ake cinna wa shara wuta, ba a fasa shi don a ciro dalma. Shi ma harsashi doka ta hana riƙe shi ba izini, don haka tare da bindigar za a miƙa shi, amma a ƙunshi daban.

Gane irin abin da ke hannunka

Doka ta kasa bindigogi gida uku, kuma sanin gidan da taka take shi zai nuna maka ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Akwai waɗanda aka haramta wa farar hula, irin bindigogin soja da masu sarrafa kansu da ƙananan bindigogin hannu, waɗanda Shugaban Ƙasa kaɗai ke ba da izininsu. Akwai na amfanin kai, irin bindigar farauta mai harsashi, waɗanda lasisinsu ke fitowa daga Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Sai waɗanda ake ɗurawa ta baki, da Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke ba da izininsu.

Idan abin da ke gabanka daga rukunin farko yake, misali ka tono wani sashen bindigar soja a gona, ko ka tsinci gidan harsashi a daji, ko ruwa ya kawo shi bakin rafi, to duk matakan ɗauka da naɗewa ba naka ba ne. Kada ka taɓa, kada ka kai gida. Yi wa wurin alama da reshe ko duwatsu daga nesa, ka hana yara zuwa, ka sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda mafi kusa ko ka kira 112. Mai yiwuwa an aikata laifi da abin, kuma ba ka son zanen yatsunka a jikinsa. Hukuncin mallakar irin wannan makami ba izini ba ya gaza ɗaurin shekara 10. Idan kuma abin ya yi kama da gurneti ko harsashin igwa, 'yan sanda suna da sashen kwance bama-bamai, su kaɗai ne za su kusance shi.

Rubuta bayanansa kafin ya bar hannunka

Samu takarda ka rubuta irin bindigar, sunan kamfanin da ya ƙera ta in akwai, lambar da aka buga a jikin ƙarfen, lambar lasisi, sashen da ya lalace da yadda aka yi ya lalace, da yawan harsasan da za ka miƙa. Ɗauki hoto da waya yadda lambar za ta fito sosai. Hoton naka ne da hukuma. Kada ka ɗora shi a Facebook ko ka tura zauren WhatsApp kana neman shawara, don ba ka san wanda zai gani ya biyo ka gida ba.

Idan tsatsa ta rufe lambar, goge ta da tsumma da ɗan mai kawai. Kada ka kankare da zarto ko dutse. Bindigar da aka goge wa lamba, duk jami'in da ya gan ta abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne ana ɓoye wani abu, kuma lambar nan ita ce za a bi a cire sunanka daga rajista.

Je ka sanar, hannunka ba komai

A nan ne mutanen kirki suke jefa kansu cikin wahala. Mutum ya naɗe bututun bindiga a buhu, ya ɗaura a bayan babur, ya nufi ofishin 'yan sanda da kyakkyawar niyya, a tare shi a shingen bincike. Ba takarda, ba wanda ya san da zuwansa. Duk rantsuwar da zai yi cewa miƙawa zai je yi, ita ce irin wadda mai laifi ma zai yi.

Saboda haka zuwan farko ba ka ɗauke da komai sai takardu. Rubuta wasiƙa zuwa ga Kwamishinan 'Yan Sanda na jiharka ta hannun DPO, wato shugaban ofishin 'yan sanda na yankinku. Da Turanci ake rubuta irin wannan wasiƙa, in ba ka iya ba ka sa wanda ka amince da shi ya rubuta ya karanta maka. A ciki ka faɗi sunanka da adireshinka, ka kawo bayanan nan da ka rubuta, ka ce abin ya lalace ba ya gyaruwa, kana son miƙa shi don a lalata, kana neman a sa maka rana da yadda za a karɓa. In kana zargin a ɗure take, ka rubuta haka a fili. Yi kwafi biyu. Ka miƙa ɗaya, a buga maka hatimi da kwanan wata da sa hannu a kan ɗayan ka riƙe.

Kada ka je kai kaɗai. Tafi da mai unguwa ko wakilin dagaci, in kai maharbi ne ka tafi da sarkin baka ko shugaban ƙungiyarku, in ɗan sintiri ne da kwamandanku. Ka nemi ganin DPO da kansa ko jami'in da ke kula da ɗakin ajiyar makamai. Kada ka kashe maganar a bakin ƙofa da wanda ya ce maka ka kawo masa gida zai san yadda zai yi.

Mai lasisi yana da wa'adin da ya kamata ya kiyaye. Doka ta ce idan bindigarka ta ɓata, ko aka sace ta, ko ta halaka, sai ka sanar da hukumar da ta ba ka lasisin cikin kwana 14 daga ranar da ka sani, tare da bayanin yadda abin ya faru, ka kuma mayar da lasisin. Bindigar da bututunta ya fashe, ranar da ya fashe ya kamata ka fara ƙirga.

Haka nan batun gado. Lasisi ba ya cikin abin da ake gada. Idan mai bindiga ya rasu, kwana 14 doka ta bai wa wanda kayan mamacin ke hannunsa ya riƙe ta. Wannan wa'adi yana ƙarewa tun ana karɓar gaisuwa, iyali ba su ma dawo hayyacinsu ba. Idan ke ce matar mamacin kuma kina takaba, ki wakilta babban ɗa ko ƙanin maigidan ya kai sanarwar, da lasisin da shaidar rasuwa.

Idan babu lasisi tun asali

Bindigogin toka da yawa a karkara ba su taɓa ganin takarda ba, kuma tsoron tambayar "ina lasisinka?" shi ke sa mutane su gwammace su jefa a rijiya. Tsoron yana da dalili, kuma ba zan ce maka miƙa wuya yana wanke mutum kai tsaye ba. Abin da zan ce shi ne, wanda ya kawo da kansa ta hannun shugabanninsa, da wasiƙa, da shaidu, matsayinsa daban yake da na wanda aka kama da ita a ƙarƙashin gado lokacin samame.

A irin wannan hali ka fara da lauya kafin ka taka ofishin 'yan sanda. In ba ka da kuɗin lauya, akwai Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta Najeriya, wadda aka kafa a 1976 don marasa ƙarfi, tana da ofisoshi a jihohi. Sannan ka bi ta hannun hakimi ko dagaci, ya zama su ne suka gabatar da maganar. Lokaci zuwa lokaci gwamnatocin jihohi ko rundunar 'yan sanda sukan ba da wa'adin miƙa makamai, ana sanarwa a rediyo. In irin wannan dama ta zo, kada ka bari ta wuce.

Ranar miƙawa

Abin da ya fi shi ne su turo jami'i ya zo gida ya ɗauka, musamman in akwai zargin ɗuri. Ka roƙi haka. Idan sun ce kai za ka kawo, ka karɓi suna da lambar wayar jami'in da zai karɓe ka, ka naɗe abin a tsumma ka sa a buhu ko akwati a rufe, harsasai a wani ƙunshin. Wasiƙarka mai hatimi tana aljihun gaba. Ka fita da rana, da shaidarka tare da kai, ka bi hanya kai tsaye ba ratse kasuwa ko gaisuwa. Motar haya mai cike da fasinjoji ba wurin wannan kaya ba ce. In an tare ku a hanya, kafin kowa ya buɗe buhun ka faɗi abin da ke ciki, ka miƙa wasiƙar, hannuwanka a fili.

Da ka isa, bar kayan a mota tare da abokin tafiyarka, ka shiga ka ce ka iso. Su za su faɗa maka yadda za a shigo da shi. Kada ka ratsa ƙofar ofishin 'yan sanda riƙe da abin da ya yi kama da bindiga.

Kada ka tashi daga wurin sai an yi abu biyu. A shigar da maganar cikin littafin ofis, ka rubuta lambar shigarwar da kwanan wata. Sannan a ba ka takardar shaidar karɓa mai ɗauke da bayanin kowane abu ɗaya bayan ɗaya, da lambar bindigar, da yawan harsasai, da sunan jami'in da ya karɓa da muƙaminsa da sa hannunsa da hatimi. Karanta ta, ka gwada lambar da ke ciki da wadda ka rubuta a gida harafi bayan harafi. In an ce ka dawo gobe ka karɓi takardar, ka roƙa cikin ladabi a rubuta maka ko da hannu ne a bayan kwafin wasiƙarka. Ina nanata wannan ne domin makami yana iya ɓata ko a ɗakin ajiya. In wata rana aka tsinci wannan lamba a wurin da aka yi ta'asa, takardar nan ce za ta nuna ranar da abin ya bar hannunka da wanda ya karɓa.

Idan sashe ɗaya ne kawai ya lalace kuma kana da lasisi kana son ci gaba da riƙe bindigar, sai a rubuta a takardar cewa sashe kaza ne aka miƙa. Gyaran kuma a wurin wanda 'yan sanda suka bai wa izinin gyaran bindiga za a yi shi, domin doka ba ta yarda kowane maƙeri ya yi wannan aiki ba. Wasu in bakin ya tsage sukan yanke wurin su ci gaba da amfani da guntun. Dokar ta hana gajarta bututun bindigar farauta ya gaza inci 20.

Me ya sa ba za ka lalata da kanka ba

A intanet akwai bidiyoyi daga Amurka da ke nuna mutum yana yanka bindigarsa da wutar walda. Can hukumarsu ta shimfiɗa ƙa'idar yadda mai abu zai yanka shi har a daina ƙirga shi a matsayin makami. Mu nan, in ka yanka a bayan gida ka zubar, me za ka nuna? Rajista tana cewa bindiga mai lamba kaza tana hannunka, kai kana cewa ka lalata, ba shaida.

Kai wa maƙeri ya mayar da ita fartanya ya fi wannan muni. Bututun da ke da ɗuri in ya shiga wutar maƙera harbawa zai yi, kuma mai zuga da yaran da ke kallo suna zaune daf da wurin. Mai walda ma haka. Sayar wa 'yan gwangwan kuwa, kana karɓar kuɗin da bai kai na kwanon masara ba ka saki abin da ba ka san inda zai kwana ba. Masu ƙera bindiga a ɓoye suna neman irin waɗannan sassa, tun da sashen da aka ciro daga matacciyar bindiga yana iya yin aiki a jikin wata. Duk wanda ya san halin da ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato da Birnin Gwari suka shiga ba zai so guntun ƙarfensa ya ƙara ko bindiga ɗaya a dajin ba.

Rijiya da rafi da masai da rami su ma ba mafita ba ne. Rijiya ana yashe ta, rafi yana ƙafewa da rani, gona ana nome ta, kuma yawanci yara ne ke tsinta. Dalmar harsashi kuma guba ce, ba ta da wurin zama a ruwan da mutane da dabbobi ke sha.

Inda abin ke zuwa bayan ka miƙa

Tun 2021 Najeriya tana da Cibiyar Kula da Ƙananan Makamai ta Ƙasa a ƙarƙashin ofishin mai bai wa Shugaban Ƙasa shawara kan harkar tsaro, kuma a 2024 aka sa hannu a dokar da ta ba ta cikakken iko. Ita ke tattara makaman da 'yan sanda da soja da sauran hukumomi suka ƙwace ko aka miƙa musu, da waɗanda suka daina aiki, ta lalata su. A watan Oktoban 2024 ta lalata sama da 2,400 a barikin soja da ke Giri, Abuja. Cibiyar tana da ofisoshin shiyya, kuma wanda yake jin nauyin fara tunkarar 'yan sanda zai iya sa lauyansa ya rubuta mata.

Ga 'yan'uwa na Maraɗi da Damagaram da Tawa a Nijar, tsarin dokar ya bambanta amma matakan kiyaye rai da na karɓar takarda duk ɗaya ne. A can ana fara sanar da jandarma ko 'yan sanda ta hannun mai gari, kuma akwai hukumar ƙasa mai tattara haramtattun makamai, CNCCAI, wadda aka kafa a 1994. Kada wanda ke kan iyaka ya ɗauki sashen bindiga ya tsallaka da shi don ofishin can ya fi kusa. A ƙasar da abin yake, a nan ake miƙa shi.

Takardar shaidar da ka karɓo, yi mata kwafi uku. Ɗaya a wurin mai unguwa ko shugaban ƙungiyarku, ɗaya a wurin lauya in ka bi ta hannunsa, ɗaya cikin takardun gida tare da na fili da na gona, ka kuma ɗauki hotonta a waya. Ka nuna wa babban ɗanka ko matarka inda take. Bayan wata ɗaya ko biyu ka koma da ita sashen da ke kula da lasisin bindiga a hedikwatar 'yan sandan jiha, ka tabbatar an rubuta a fayil ɗinka cewa bindigar ko sashen nan ya fita daga hannunka.